"Malama, Ta Kwashe Mini Ɗinki": Haƙƙin Mai Ƙirƙirar Sutura A Dokokin Ƙasashe Da Kuma Shari'a

 

'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mini a ajin matan aure, ranar da muke karatun babin ciniki a cikin Risala, daidai inda malam yake lissafa abubuwan da ba su halatta a saye da sayarwa ba, irin su algus da yaudara da ɓoye aibin kaya da cakuɗa mai kyau da marar kyau. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. Maɗinkiya ce, a cikin gidan mijinta take ɗinka hijabai da abaya, kuma da abin da take samu take tallafa wa maigidan wajen kuɗin makarantar yara. Ta ce gab da azumi ta shafe kusan mako biyu tana fama da wani aikin wuya da hannun abaya, ta ɓata yadi har sau uku kafin ya zauna yadda take so. Ta ɗauki hoto ta sa a sitatus. Ba a rufa kwana goma ba sai ga hoton nata, wanda ta ɗauka a tsakar gidanta, a shafin wata mai ɗinki, an sa masa kuɗi ƙasa da nata. Masu sayenta suka fara yi mata kallon mai tsawwalawa. Ta ce, "Malama, ta kwashe mini ɗinki. Wannan sata ce ko ba sata ba ce?"

Kafin in buɗe baki wata daga baya ta ce, "Haba, ai ɗinki ba na kowa ba ne, kowa a jikin wani ya gani. Ke ma wa ya koya miki abaya?" Nan aji ya kaure, domin kusan kowa a cikinmu ta taɓa kai wa tela hoto ta ce ya yi mata irin wannan, har da ni mai wannan rubutu.

Kowace daga cikinsu tana da gaskiya a wani ɓangare. Abin da ya rikita zancen shi ne mun haɗa abubuwa uku wuri guda. Akwai yayi, wato irin ɗinkin da ake yi gaba ɗaya, kamar bubu ko doguwar riga mai faɗin hannu. Akwai zane na musamman da wata ta zauna ta ƙirƙiro da basirarta. Sannan akwai suna ko tambari, wato alamar da mai saye ke gane cewa wannan aikin wance ne. Dokokin duniya sun bambanta su, kuma za ki ga Shari'a ma ba ta yi musu hukunci ɗaya ba.

Yadda Turawa suka faro

Kada ki ɗauka rigimar ta zo ne da wayar hannu. A shekarar 1787 majalisar Ingila ta yi doka domin masu buga zane a jikin yadin auduga, inda ta ba wanda ya fito da sabon zane wata biyu kacal shi kaɗai yana bugawa, daga baya aka mayar da shi wata uku. A Faransa kuwa masaƙan siliki na birnin Liyon ne suka matsa, har aka kafa musu wata majalisar sulhu a 1806, inda mai sabon zane zai kai samfurinsa a rufe cikin ambulan a ajiye masa da kwanan wata. In rigima ta taso sai a buɗe a ga wanda ya riga wani. Ki riƙe wannan dabara, za mu dawo kanta.

Har yau Faransa tana cikin ƙasashen da suka fi tsaya wa masu ƙirƙirar sutura. Kundin dokarta na haƙƙin mallakar fasaha na 1992 ya ambaci tufafi da kayan ado ƙarara cikin ayyukan da ake karewa, kamar yadda ake kare littafi, matuƙar aikin ya nuna basirar mai shi. Ba abin mamaki ba ne, tun da ɗinki babbar hanyar samun kuɗi da suna ce a gare su.

Tarayyar Turai kuma ta fito da wani tsari a 2002 wanda ni a ganina ya fi kowane dacewa da halin da maɗinka ke ciki. Duk wanda ya fitar da sabon zane a bainar jama'a a cikin ƙasashen tarayyar, yana da kariya ta shekara uku daga ranar, ko bai cika takarda ko ɗaya ba, ba wanda zai kwafe shi ya sayar. In ya ga zanen ya karɓu, yana da wata goma sha biyu da zai je ya yi rajista, ita kuma rajistar shekara biyar ce, ana sabuntawa har zuwa shekara 25. Hikimar a fili take. Yayi ba ya daɗewa, ɗinkin da aka yi rububinsa a ƙaramar Sallah kafin babbar Sallah an fara mantawa da shi, to wa zai kashe kuɗin rajista a kan kowace riga?

Amurka ta ɗauki wata hanya daban

Za ki yi zaton ƙasar da take kai mutane kotu a kan kwafar fim za ta fi kowa tsanani a kan tufafi. Ba haka ba ne. A dokarsu riga abin amfani ce kamar kujera, don haka yankanta da siffarta ba su shiga haƙƙin mawallafi ba. Abin da ake karewa shi ne zanen da aka buga a jikin yadi ko adon da za a iya raba shi da rigar a kalle shi a matsayin zane mai zaman kansa. Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da wannan a 2017, a shari'ar kamfanonin Star Athletica da Varsity Brands, wadda aka yi a kan layuka da launukan da ke jikin rigunan 'yan matan da ke yi wa 'yan wasa kirari a filin wasa.

Maɗinkan Amurka sun daɗe suna kuka da wannan. A 1932 suka kafa ƙungiya, suka yi yarjejeniya cewa duk kantin da aka kama yana sayar da kwafin ɗinkin ɗayansu, dukkansu za su daina ba shi kaya. Sai ga shi a 1941 Kotun Ƙoli ta ce wannan haɗa baki ne na danne kasuwa, ta rushe tsarin. Daga 2006 zuwa 2012 an sha kai ƙudurori majalisa domin a ba su kariya ta shekara uku irin ta Turai, babu wanda ya zama doka. Masu adawa suna cewa kwaikwayo shi ne ke tura yayi gaba, shi ne kuma ke sa talaka ya sami abin sawa da sauƙi. Kin ga ke nan maganar ɗalibar nan ta bayan aji tana da magoya baya har a can.

Amma fa ko a Amurka ba a wasa da tambari. Akwai wani Bafaranshe mai yin takalman mata, Christian Louboutin, wanda yake shafa wa ƙasan takalminsa jan launi. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara a birnin Niyok ta yarda cewa jan ƙasan nan alamarsa ce, in dai saman takalmin wani launi ne daban, saboda mutane sun riga sun san shi da ita. Wato za ki iya yin takalmi mai irin siffar nasa, amma ba za ki sa abin da zai sa mai saye ya ɗauka nasa ne ba.

To mu nan gida fa?

A Najeriya dokar da ta shafi zanen kayan masana'anta ta 1970 ce, kuma har yanzu da ita ake aiki. Ta amince a yi wa haɗin layuka da launuka ko wata siffa rajista, in mai shi yana nufin a riƙa buga shi da yawa. Ana yin rajistar a wani ofishi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, tana ɗaukar shekara biyar, ana sabunta ta sau biyu, jimla shekara 15. Sai dai akwai sharaɗin da yake kayar da mata irinmu, wato dole zanen ya kasance sabo, ba a riga an baje shi ga jama'a ba kafin ranar da aka nemi rajista. Ɗalibata da ta sa hoton abayarta a sitatus, da hannunta ta rufe wa kanta wannan ƙofa ba ta sani ba. Ba mu da kariyar nan ta shekara uku da ake samu kyauta a Turai. In kuma rigima ta tashi, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraren irin wannan ƙara, ba kotun unguwa ba. Ki faɗa mini, macen da jarinta keke ɗaya ne da bandir biyu na yadi, ina ita ina lauya?

Duk da haka ba a bar ta hannu rabbana ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana kare hoto tun daga lokacin da aka ɗauke shi, ba sai an yi rajista ba, kuma ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka sata aka ɗora a intanet. Saboda haka wadda ta ɗauki hoton nan ta taka doka, ko da ba a tabo maganar ɗinkin ba. Facebook da Instagram ma suna da wurin da ake kai irin wannan ƙorafi.

Abin da ya fi amfani ga mai ƙaramin jari shi ne tambari. Ana yi masa rajista a ma'aikatar da na ambata, tufafi suna aji na 25, rajistar farko shekara bakwai ce, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14. A nan zan ja hankalinki, domin mata da yawa suna yin rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni su ɗauka shi ke nan sun mallaki tambari. Abu biyu ne daban, ofisoshinsu ma daban.

'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru nasu tsarin ya fi namu faɗi. Suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, hedikwatarta tana Yawunde. Maɗinkiya a Maraɗi ko Damagaram in ta yi rajista sau ɗaya, ta shafi dukkan ƙasashen. Amma Najeriya ba ta ciki, don haka da zarar kaya sun tsallako Jibiya takardar ba ta da ƙarfi. Haka abin yake a ko'ina, rajista tana tsayawa ne a iyakar ƙasar ko ƙungiyar da ta ba da ita. A watan Nuwamba na 2024 ƙasashen duniya sun amince da wata yarjejeniya a Riyad ta Saudiyya domin sauƙaƙa hanyoyin rajistar zane, amma sai kowace ƙasa ta rungume ta kafin 'yan ƙasarta su amfana.

Akwai kuma abin da ba na mutum ɗaya ba ne. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, ko zanen da marina ke fitarwa a Ƙofar Mata, gadon al'umma ne, ba mai cewa shi ya ƙirƙiro. Gana ta ba wannan muhimmanci, dokarta ta 2005 ta damƙa haƙƙin kayan gargajiya irin su saƙar kente a hannun shugaban ƙasa a matsayin amana ta jama'a, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa kente cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Me malamai suka ce?

Malaman farko ba su yi babi a kan tambari ba, amma sun yi magana a kan mece ce dukiya. Mafi yawansu, da Malikiyya a ciki, suna ganin amfanin abu ma dukiya ne, ba sai wanda ake riƙewa a hannu ba, shi ya sa ake biyan kuɗin haya da ladan aiki. A kan wannan tushe ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da wallafa da ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, sun zama abin da ke da ƙimar kuɗi a al'adar wannan zamani, Shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malamai 'yan kaɗan da suka saɓa, suna tsoron kada a fake da wannan a ɓoye ilimi. Tsoron nasu abin dubawa ne a kan littattafan addini, amma wadda ta hana ki kwafe wuyan abayarta ba ta ɓoye miki ilimin da zai kai ki Aljanna ba.

Yanzu mu koma ga abubuwan nan uku. Ki ga ɗinki a gidan biki ya burge ki, ki kwatanta wa telanki ya yi miki na sawarki, wannan al'ada ta yarda da shi, haka yayi yake yawo tun kaka da kakanni, kuma asalin mu'amala halacci ne. Inda nake da magana shi ne wadda za ta shiga shagon maɗinkiya kamar mai saye, ta sa a sauko mata da kaya, ta tambayi kuɗi, ta faki ido ta ɗauki hoto alhali an ce ba a ɗauka, ta wuce wurin mai araha. Ta shiga da sharaɗi ta karya shi, Musulmi kuwa an san shi da cika sharaɗi. Haka yarinyar da aka koya wa ɗinki shekara biyu, ranar da za ta tafi ta kwashe takardun yanka da lambobin masu saye. Sana'ar da ta koya tata ce, Allah Ya sa albarka. Takardun da lambobin amana ne.

Na biyu, ki ɗauki zanen da kin san wance ce ta sha wahalarsa, ki buga shi da yawa ki karya kuɗi tun ba ta mayar da kuɗin yadin da ta ɓata ba. Ko dokar ƙasa ba ta kama ki ba, ki auna shi da aya ta 29 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta halatta cinikin da aka yi da yardar juna. Shin ta yarda? Ke kika fi kowa sanin dalilin da ya sa ba ki tambaye ta ba.

Na uku shi ne wanda babu saɓani a kansa, wato ki manna sunan wata a kayanki, ko ki nuna aikin wata ki ce naki ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barrantar da kansa daga mai algus. Akwai kuma hadisin Asma'u 'yar Abubakar (RA) a Buhari da Muslim, wanda mu mata ya kamata mu fi kowa saninsa, domin wata mai kishiya ce ta yi tambayar, ko akwai laifi ta nuna mijin ya ba ta abin da bai ba ta ba. Annabi (SAW) ya kamanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Ki duba yadda misalin ya faɗo a kan tufafi. Mai sa hoton wata ta cuci mutum biyu a lokaci guda, mai aikin da kuma mai sayen da za a kai wa abin da bai kai na hoton ba.

Wannan ya kawo mu ga atamfa. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, shi ke yin atamfar da muke kira Holan, kuma sanannen abu ne cewa ana kwafar zanensa a buga a yadi mai araha, wani lokaci har da sunan a bakin zanin. Kwararowar irin waɗannan kaya ta ɓarauniyar hanya, tare da matsalar wutar lantarki, tana cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano, magidanta da yawa suka rasa aiki. Atamfa mai araha ba haramun ba ce, kowa da ƙarfinsa, kuma babu abin kunya a ciki. Ƙaryar sunan ita ce matsala. Ke mai sarin atamfa kina bi gida-gida, in an tambaye ki ki faɗi gaskiya, ki ce kwaikwayo ce ga kuɗinta. Sau nawa aka buɗe akwatin lefe dangin amarya suka murza zani suka gane jabu ne, aka fara zaman aure da raini, alhali angon kuɗin ta gaske ya biya, wadda aka aika kasuwa ce ko mai kanti ya ci amanarsa?

Ita kuwa ɗalibata, shawarar da muka yanke a aji ba ta kai ga kotu ba. Na ce ta sami littafi ta riƙa zana kowane sabon aiki da kwanan wata, ta ajiye ƙyallen gwajin farko, irin dabarar masaƙan Liyon. Ta riƙa rubuta sunan sana'arta a tsakiyar hoto, inda ba za a iya yanke shi ba. Ta ɗinka ƙyallen suna a cikin wuyan kowace abaya, in jari ya ƙaru ta yi wa sunan rajista, tun da zane yana tsufa amma suna yana ƙara daraja ne. In kuma ta fito da wani zane da take ganin zai yi shekaru ana nema, ta nemi shawarar lauya kafin ta nuna wa kowa, ba bayan ta nuna ba. Sannan muka tura manyan mata biyu daga cikin ajin, da izinin mazajensu, suka sami waccan a gida ba tare da tonon silili a waya ba. Ta ce wallahi ba ta ɗauka laifi ba ne, ta ga kowa na yi. Ta sauke hoton a gabansu. Maganar ɗinkin kuwa sun daidaita cewa za ta bar wannan aikin wuyan har bayan babbar Sallah.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu duba ɗaya ɓangaren, wato telan da ya ɓata miki yadi ko ya ce an sace, da abin da Malikiyya suka faɗa a kan lamunin masu sana'a.